Tsofaffin motocin daji: amsoshin tambayoyin da ake ta maimaita mini

An yi mini tambayoyin nan a gareji, an yi mini a wajen ɗaurin aure, wasu kuma ta waya da tsakar dare. Na tara amsoshin wuri ɗaya domin duk wanda ya sake tambaya in turo shi nan. Magana ce a kan Land Rover ta da, Land Cruiser ta da, da ire-irensu.

Kowace jif da ta tsufa ta shiga wannan sahu?

A'a. Motar da nake nufi shasinta daban, bodinta daban, tayoyinta huɗu suna ja, tana da ƙaramar giyar nan da direbobi ke kira ogzilari, kuma injinta ba kwamfuta ke sarrafa shi ba. Jif ɗin da aka ƙera don yawon gari ba ta cikinsu, ko da ta shekara 20.

Wace ce ta fara fitowa?

Jeep ta sojojin Amurka, wadda kamfanonin Willys da Ford suka riƙa ƙerawa tun 1941. Land Rover ta bayyana a bajekolin motoci na Amsterdam a 1948, Toyota ta yi tata a 1951 ta sa mata suna Land Cruiser a 1954. Duk biyun daga Jeep suka ɗauki darasi. Mu wuce.

Ba sanyi, ba gudu, ga ƙara. Me kuke so a jikinta?

Wannan ita ce tambayar da ta fi ɓata mini rai, domin mai yin ta yakan yi ta ne yana murmushi, kamar ya riga ya san amsa. To ga amsar.

Ka buɗe gaban Land Rover ta 1975, duk abin da ke ciki idonka na ganinsa, hannunka na kai gare shi. Ga kafireto, ga fulogi huɗu, ga famfon mai, ga fanbel. Idan ta mutu a hanya, ko wuta ce babu, ko mai ne bai iso ba, ko iska ce ta toshe, kuma da sifana da sukundireba da ɗan haƙuri za ka gano wanne ne. Motar yau idan ta kunna maka jar fitila a tsakiyar daji, sai ka nemi mai ja ya kai ka birni a jona mata na'ura. Mai tsohuwar mota shi ne mai motarsa da gaske, ya san kukanta, ya san ranar da ta canza murya. Wanda bai taɓa gyara motarsa da hannunsa ta tashi ba, da wuya ya gane daɗin da nake faɗa.

Sannan tuƙi ne na gaske. Sitiyari da nauyi, kuloci da tauri, giya sai ka lallaɓa ta, musamman a kan waɗanda suka riga Series III ta 1971 (Series shi ne sunan jerin Land Rover na farko-farko), da giya ta ɗaya da ta biyu ke buƙatar ka taka kuloci sau biyu. Kai ne za ka karanta hanya, ka zaɓi inda taya za ta taka, ka san lokacin ba da wuta da lokacin sassautawa. Babu wata na'ura da za ta rufa maka asiri.

Mu kuma a nan akwai abin da ya wuce wannan. Land Rover ce ta riƙa kai jami'an gwamnati rangadi, ita ta kai malaman asibiti da malaman dabbobi da masu allurar rigakafi ƙauyukan da babu hanya. Dattawa da yawa ita ce motar da suka fara gani da idonsu. Har yau ka hau tsaunin Mambila, wajen Gembu, za ka tarar da tsofaffinta shaƙe da mutane da buhuna suna hawa inda sabuwar mota ba ta ko gwadawa. Ba don sha'awa ake riƙe da su a can ba, aiki suke yi.

Tana shan mai?

Tana sha. Land Rover mai injin fetur na lita 2.25 da ƙyar lita ɗaya ta kai ka kilomita 6 ko 7. Tun da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023, wanda aljihunsa ba zai ɗauki wannan ba ya haƙura tun yanzu.

Na samu wata tsohuwar Land Rover ajiye a wani gida a ƙauye, an ce kuɗi kaɗan za a sayar. In saya?

Malam, zauna, wannan ba amsar kalma ɗaya ba ce. Wataƙila ka yi tsintuwa, wataƙila kuma ka sayo wa kanka rijiyar da za ta shanye kuɗinka shekara da shekaru. Ba zan iya yanke maka hukunci a kan motar da ban kwanta ƙarƙashinta ba, amma ga yadda zan bi in ni ne.

Kafin ƙarfe, takarda. Motar da ta daɗe a ajiye a tsakar gida sau da yawa gado ce da ba a raba ba, wanda ke yi maka tayin kuma ɗaya ne kawai daga cikin magada. Ka tambaya a fili, ka nemi yardar sauran a gaban shaidu. Da yawa daga cikin motocin nan asalinsu na hukuma ne ko na mishan da aka yi gwanjonsu, saboda haka ka nemi takardar gwanjon, ka kuma duba lambar shasi da ke jikin ƙarfe ta yi daidai da ta takarda. Idan nan ya gagara, ka tafi, komai kyawunta.

Sai shasi. Kada bodi ya ruɗe ka. Bodin Land Rover na alminiyam ne, an fara hakan ne domin ƙarfe ya yi ƙaranci a Ingila bayan yaƙin duniya na biyu, kuma alminiyam ba ya yin jar tsatsa. Sai ka ga mota ta shekara 50 fes daga waje, alhali shasin da ke ɗauke da ita, wanda shi ƙarfe ne, ya ruɓe daga ciki. Ka ɗauki ƙaramar guduma da tocila ka shiga ƙarƙashi. Ka ƙwanƙwasa ƙarfen da ya gitta a can baya, da rassan da ke riƙe bodi ta gefe, da inda sifirin ke rataye. Ƙarfe mai lafiya yana amsawa da kaifin sauti, ruɓaɓɓe kuwa sai ka ji dum, wani lokaci ma gudumar ta shige. Bangon da ke tsakanin inji da direba shi ma ƙarfe ne, ka duba wajen da ƙafa ke takawa da ginshiƙan ƙofa. Abin da zai kwantar maka da hankali shi ne motar da ta yi rayuwarta a Arewa ta fi wadda ta zauna a Legas ko Ingila tsira daga tsatsa, saboda bushewar iskarmu. Sai dai in ta yi aikin fadama, laka ta cika cikin shasin ta riƙe damshi, to wannan sassaucin bai shafe ta ba.

Inji ya biyo baya, kuma shi ne abin da ya fi ƙarancin tayar mini da hankali, duk da cewa shi mutane suka fi tsoro. Kada ka yarda a ɗaura batir a yi ta murza makulli. A cire fulogi, a zuba ɗan baƙin mai a ramukan, a bar shi ya kwana, a gwada juya injin da hannu. Idan ya juya, akwai fata. Idan ya ƙi, ba lallai ya mutu ba, amma ka rage kuɗin tayi sosai. Ka sa a ranka cewa birki duka sabo za a yi, haka robobi da tiyo-tiyo, wayoyi kuma ƙila ɓeraye sun gama da su. Wannan ba sharri ba ne, haka zaman wuri ɗaya ke yi wa kowace mota.

Za a ba ka shawarar ka jefar da injinta ka sa na Toyota. Ban ce haram ba ne, na ga waɗanda aka yi wa haka suna aiki lafiya. Amma giyar Series da sandunan da ke juya tayoyin baya an auna su ne da ƙaramin inji, in ka ɗora musu ƙarfin da ya fi nasu sai su riƙa karyewa, birkin kuma yana nan yadda yake. In aiki kake so da ita, kuma ka samu mai haɗawa da ya san hannunsa, to ƙila. In kana so ta riƙe darajarta, ka bar mata injinta.

Abu na ƙarshe, kuma shi ke kashe yawancin irin wannan aiki: wa zai gyara? Kusoshin tsohuwar Land Rover awon inci ne, na Ingila, yaran gareji kuwa sifanar milimita ce a hannunsu, sai su murje kan kusoshi ɗaya bayan ɗaya. Ka nemi dattijon makanike da ya yi zamani da ita tun kafin ka biya kuɗi, ka je da shi. Kayan gyara ana samu, domin har yau akwai masu ƙera su a Ingila, kuma akan dace da na hannu a Ƙofar Ruwa ta Kano ko Panteka ta Kaduna, sai dai akwai jira, akwai jabu. In shasi lafiya, takarda lafiya, makanike na nan, kuma kana da wata motar da za ka riƙa hawa kafin a gama, ni zan saya. In ɗaya daga ciki ya faɗi, ka ƙara tunani. In biyu suka faɗi, ka yi musu godiya ka kama hanya.

Land Rover ko Land Cruiser?

In neman abinci za ka yi da ita, Land Cruiser. Samfurin 70 ya fito tun 1984 kuma har yanzu Toyota na ƙera shi, saboda haka kayansa ba sa yankewa, injin dizal ɗinsa na 1HZ mai lita 4.2 kuma ba ya zaɓen hanya. Ka je Agadas ka ga abin da ke ratsa hamadar Tenere zuwa Dirku da Bilma, ka ga abin da ƙungiyoyin agaji ke hawa. A 1987 sojojin Chadi da motocin Toyota suka fatattaki tankokin Libiya a Fada da Wadi Dum da ke arewacin Chadi, har aka laƙaba wa yaƙin sunan kamfanin. Zuciyata tana wajen Land Rover, amma ba zan sa ka asara saboda son raina ba. Ka dai sani bodin Land Cruiser ƙarfe ne, samfurin 40 na 1960 zuwa 1984 tsatsa na cin sa sosai.

Zan iya barin ogzilari a kunne kullum?

Kada ka kuskura. Wa yake koya muku wannan? A Series da Land Cruiser 40 da mafi yawan 70, in ka sa ogzilari ka haɗa tayoyin gaba da na baya ke nan, to dole su juya daidai wa daida. A yashi ko laka taya na ɗan zamewa ta huce, a kwalta kuwa babu zamewa, sai ƙarfin ya taru a cikin giya har wani abu ya karye. Da ka hau kwalta ka cire. Defender, wato Land Rover da ta gaji Series, daban ce, kullum tayoyinta huɗu ke ja, amma ita ma makullin tsakiyarta da ke ƙulle gaba da baya wuri ɗaya ba na kwalta ba ne.

In shigo da ita daga Ingila?

Ta Ingila sitiyarinta a dama yake. Najeriya ta koma tuƙi a hannun dama tun 2 ga Afrilun 1972, kuma doka ba ta yarda a shigo da mota mai sitiyari a dama ba. Akwai kuma iyakar shekarun motar da ake bari ta shigo. Ka je wajen Kwastam ka ji da kunnenka kafin ka tura wa kowa sisi.

Na ji ana cewa jari ce, kuɗinta ƙaruwa yake yi.

A Turai da Amurka, ƙwarai. An daina ƙera tsohuwar Defender a Solihull ta Ingila ranar 29 ga Janairun 2016, bayan an yi fiye da miliyan 2 tun daga Series ta farko, daga nan farashi ya tashi. Amurka kuma tana barin a shigo da motar da ta cika shekara 25 ba tare da tsauraran sharuɗɗa ba, shi ya sa dillalai ke yawon farautarsu har Afirka. Amma kuɗin nan na motar da ke da injinta na asali ne da cikakkun takardu. Taka da aka yi wa walda a wuri goma ba ta ciki. Kuma ina jin takaici idan na ga mutum ya sayi irin motar nan ya lulluɓe ta da tamfol yana jiran farashi. Zama ke lalata ta, robobi su bushe, birki ya kafe. Ka fita da ita ko sau ɗaya a mako.

Zan iya ɗaukar iyali mu yi doguwar tafiya?

A hanyar ƙauye a hankali, babu laifi. A kan titin Kaduna zuwa Kano kana gasa da manyan motoci, ban ba ka shawara ba. Ba ta da jakar iska, tsohon birkinta yana buƙatar tazara, tsayinta kuma na sa ta saurin kifewa idan aka fizgi sitiyari. Kujerun baya na gefe da gefe ba wurin yara ba ne. Ka sa bel mai kyau a kowace kujerar da za a zauna, kada ka wuce kilomita 80 a awa.

Na kafe a yashi, me zan yi?

Ka ɗaga ƙafarka daga totur, ƙara wuta ƙara binne kanka ne. Ka sauka ka rage iskar tayoyi huɗun zuwa kusan rabi, ka kwashe yashin da ya taru a gabansu, ka miƙe sitiyari, ka sa ƙaramar ogzilari da giya ta biyu ka taso a hankali. Kowa na kafewa, har direbobin Yusufari ta Jihar Yobe da aka haifa a cikin tudun yashi, babu abin kunya. Amma ka riƙa tafiya da famfon iska da shebur da ruwan sha, kuma ka mayar da iskar tayoyi kafin ka hau kwalta, in ba haka ba za su yi zafi su fashe.

Ruwa fa? Na ga ana tsallaka kogi da su.

Ka shiga da ƙafarka tukuna. In ruwan ya wuce gwiwarka ko yana ture ka, mota ba za ta shiga ba. Kofi ɗaya na ruwa ya isa ya lanƙwasa sandunan cikin injin dizal idan ya bi ta inda iska ke shiga. Bayan ka haye ka riƙa ɗan taka birki har ya bushe, in ka isa gida kuma ka duba man giya da na aksul, in ya koma fari kamar madara a zubar a sa sabo a ranar.