Sitabilaizar baya mai kauri: tana gyara tafiyar mota kuwa?

Masu sha'awar mota sukan ce in kana son motarka ta riƙa cin kwana kamar an ɗora ta a kan layin dogo, ka cire sitabilaizar baya ka saka mai kauri. Akwai gaskiya a maganar, sai dai ba duka aka faɗa ba.

Wane ƙarfe ne wannan, me yake yi?

In ka leƙa ƙarƙashin mota za ka ga wani sandan ƙarfe ya gitta daga tayar dama zuwa ta hagu, bakunansa biyu a tanƙware. Bushin biyu, wato zoben roba, ke riƙe shi a jikin mota, linkej kuma, wani ɗan gajeren ƙarfe, ya haɗa kowane baki da ƙafar taya. Idan tayoyin biyu suka hau tudu tare, ba ya aikin komai. Amma in ka shiga kwana mota ta karkata, taya ɗaya ta nutse ɗayar ta saki, sai sandan ya murɗe, murɗewar nan ce ke turje wa karkatar. Ba sabon abu ba ne, tun 1919 wani ɗan Kanada, Stephen Coleman, ya yi rajistar fasahar.

In na saka mai kauri a baya, me zan ji a sitiyari?

Nan ne gundarin zancen. Yawancin ƙananan motocin da ke kan titi, irin su Corolla da Golf da Civic, masu jan gaba ne. Inji da giya duk suna gaba, kusan kashi 60 cikin 100 na nauyin motar a kan tayoyin gaba yake, kuma su ne ke ja, su ne ke juyawa. Shi ya sa in ka shiga shataletale da ɗan gudu za ka ji ka murɗa sitiyari amma hancin motar na neman wucewa miƙe. Da gangan kamfanoni ke ƙera su haka, domin direban da ya tsorata ya ɗaga ƙafa daga totur, motar za ta dawo hanya da kanta.

Sandan baya mai kauri ba ya rage yawan nauyin da ke komawa gefe a kwana, wannan tsayin mota da faɗinta ke yanke shi. Abin da yake yi shi ne ya sake rabon: baya ya ɗauki kaso mafi yawa, tayoyin gaba su sami sauƙi su riƙe ƙasa da kyau. Sai ka ji motar ta fi jin maganar sitiyari, karkatar jikinta ta ragu, fasinja ma ya daina jingina da ƙofa. A kan kwalta mai kyau ana jin bambancin tun a gudun cikin gari.

Kauri nawa ake magana?

Kaɗan ƙwarai. Taurin sandan na ƙaruwa ne da kaurinsa a ninka shi da kansa sau huɗu, wato kauri × kauri × kauri × kauri. Daga milimita 20 zuwa 22 tauri ya ƙaru da kusan kashi 46 cikin 100, daga 19 zuwa 22 kuwa kusan kashi 80. Ido ba zai ga bambancin ba, mota za ta ji shi.

Akwai haɗari?

Akwai, kuma shi ne abin da ya fi damuna. Riƙon da gaba ya samu, daga baya aka cire shi. In taurin ya yi yawa, ranar da aka yi ruwa ko yashi ya hau kwalta, ka shiga kwana ka saki totur farat ɗaya ko ka taka birki, bayan motar na iya wulwulowa ya riga gaban. Direban tsere ya san yadda zai tare ta da sitiyari, mai kai yara makaranta bai taɓa koyon haka ba. Sababbin motoci na da na'urar da ke taka birkin taya ɗaya don daidaita su, wadda Amurka ta wajabta daga motocin 2012, Tarayyar Turai kuma a 2014. Da yawa daga cikin 'yan Kwatano da suka girmi wannan lokaci ba su da ita. Ƙara da but cike da buhuna da mutum huɗu a kujerar baya, nauyi ya koma baya, lamarin ya ƙara tsanani.

A hanya mai ramuka fa?

Wahala ce. Duk ramin da taya ɗaya ta faɗa, sandan zai kai bugun ɗaya gefen, motar ta riƙa girgiza kai dama da hagu. Linkej da bushin ma za su riƙa mutuwa da wuri.

Motata na lilo a kwana, ba shi ne maganin ba?

Sau da yawa a'a. Mota mai shekara goma sha biyar da ke lilo, fara duba shakazoba, sannan bushin da linkej, sannan iskar taya da shekarun tayar. Ƙarar ƙwal-ƙwal da ake ji a kan gargada yawanci linkej ne ya saki. Na ga motocin da aka cire musu linkej gaba ɗaya don ƙarar ta daina, mai motar bai ma sani ba. Mayar da waɗannan yadda kamfani ya yi su kan dawo da tafiyar da mutum ke nema, da kuɗi kaɗan. Ka kuma sani cewa Golf 3 da yawancin Corolla na 2003 zuwa sama ƙarfe ɗaya mai murɗewa ke haɗa tayoyinsu na baya, shi kansa yana yin wani ɓangare na wannan aikin.

To wa ya dace ya saka?

Mai mota mai jan gaba wadda ƙafafunta ke da lafiya, tayoyinta masu kyau, yawancin tafiyarsa a kan kwalta, ba ya lodi. Shi ma ya ƙara milimita biyu ko uku kawai, daga kamfanin da ya ƙera sandan don ainihin motarsa, irin su Whiteline ko Eibach ko H&R, ba wanda aka ciro daga wata mota aka yi wa walda ba. Mai mota mai jan baya ya fi buƙatar taka-tsantsan, domin bayanta dama ya fi saurin sulɓewa. In sandan mai huji biyu ko uku ne a baki, a fara ɗaure linkej a hujin da ke can ƙarshe, nan ne ya fi laushi, a gwada shi a fili babu mutane kafin a hau babban titi.