Waiwaye: Yadda masu sharhi suka yi wa fim ɗin The Thing caa a 1982

Ranar 25 ga Yunin 1982 kamfanin Universal ya saki The Thing a gidajen sinima na Amurka. John Carpenter ne darakta, mutumin da fim ɗin tsoro na Halloween ya ɗaga sunansa tun 1978. An kashe kimanin dala miliyan 15, abin da aka samu a Amurka kuwa bai kai miliyan 20 ba. Asarar kuɗi ba ita ce ta fi yi masa ciwo ba, irin rubdugun da jaridu suka yi masa ne.

Labarin na wasu maza 12 ne a sansanin bincike na Amurka da ke Antatika. Wani kare ya shigo musu a guje, 'yan Norway na biye da shi a jirgi mai saukar ungulu suna harbi. Ashe wata halitta ce daga wata duniyar, wadda ke cinye duk mai rai ta ɗauki kamanninsa har da muryarsa. Daga nan babu wanda ya san ko na gefensa mutum ne.

Tushen labarin gajeren littafin John W. Campbell ne na 1938, Who Goes There? An taɓa mayar da shi fim a 1951, inda dodon ya fito a matsayin wani ƙato da kowa ke gani, jarumai suka haɗa kai suka kashe shi. Masu sharhi da yawa da wancan suka tashi. Carpenter ya koma kan ainihin littafin, inda abokin gaba ke ɓoye a jikin abokinka, su kuma ba su yafe masa ba. Vincent Canby na jaridar New York Times ya kira fim ɗin shara tun daga fitowarsa. Roger Ebert ya ba shi tauraro biyu da rabi cikin huɗu, ya ce irin fim ɗin da ake shiga da ledar amai ne. Christian Nyby, daraktan na 1951, ya ce mai son ganin jini ya tafi mahauta. Mujallar Cinefantastique ma, wadda ta masoya irin waɗannan fina-finai ce, ta tambaya ko wannan ne fim ɗin da aka fi tsana a tarihi.

Abin da ya tayar musu da zuciya aikin Rob Bottin ne, saurayi ɗan shekara ashirin da 'yan kai, wanda ya ƙera halittar da roba da ƙarafa da injina, ya yi aiki ba hutu har aka kwantar da shi a asibiti. Akwai inda likita ke ƙoƙarin farfaɗo da wani, ƙirjin ya buɗe ya datse masa hannaye biyu, kan gawar ya ɓalle ya faɗi ƙasa, ya fitar da ƙafafu ya fara tafiya. Ban ga laifin wanda ya kau da kai a wurin ba.

Inda nake ganin an zalunci fim ɗin shi ne, sun tsaya ga jini sun bar zargin da aka gina labarin a kansa. A dubi wurin gwajin jini. MacReady, wanda jarumi Kurt Russell ya fito a matsayinsa, ya ɗaure abokansa, ya ɗebi jinin kowa a ƙaramin faranti, ya gasa wayar ƙarfe da wuta yana tsomawa ɗaya bayan ɗaya, domin ya gano cewa kowane ɗigo na halittar yana da ransa kuma zai guje wa zafi. Kowa na kallon farantinsa, har wanda ya san shi mutum ne numfashinsa ya ɗauke. Da ƙyar aka ambaci wannan gwanintar a sharhin farko. Ebert dai yana da hujja ɗaya da har yanzu take tsaye: mutanen da suka san haɗarin kaɗaita sai ka ga suna fita ɗai-ɗai, kuma wasunsu ba a ba mu damar saninsu ba kafin a cinye su.

Lokacin ma bai taimaka ba. Mako biyu kafin nan E.T. na Steven Spielberg ya fito, da baƙonsa mai ban tausayi da yara ke ɓoyewa a ɗaki, jama'a suka yi ta tururuwa. Amurka na cikin matsin tattalin arziki, mutane na neman abin da zai sanyaya musu rai. Carpenter kuwa ya rufe nasa da mutum biyu a zaune cikin ƙanƙara, sansani na ci da wuta, kowanne na zargin ɗan'uwansa. Fim ɗin Blade Runner ma a rana ɗaya suka fito, shi ma bai ji da daɗi ba.

Universal ta janye Carpenter daga aikin fim ɗin Firestarter da aka shirya zai yi. Ya karɓi Christine a 1983, ya kuma sha faɗa cewa cikin duk faɗuwar da ya yi, wannan ta fi ƙona masa rai.

Kaset ɗin bidiyo da talabijin ne suka ceto fim ɗin. Matasan da ba su karanta Canby ba suka kalle shi a gida, suka maimaita, suna gardamar wa aka fara cinyewa kuma yaushe. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 masu sharhi sun fara lissafa shi cikin fitattun fina-finan tsoro. Kiɗan da Ennio Morricone ya yi wa fim ɗin, wanda aka sa a takarar Razzie (kyautar izgili ga ayyuka marasa kyau) ta mafi munin kiɗa, wani ɓangarensa da ba a yi amfani da shi ba ya shiga The Hateful Eight na 2015, fim ɗin da ya kawo wa Morricone kyautar Oscar a 2016. Ma'aikatan tashar Amurka da ke tsakiyar Antatika ma sun mayar da kallonsa al'ada idan jirgin ƙarshe ya tashi ya bar su da hunturu.

A 2011 Universal ta fitar da wani fim mai wannan suna, kan abin da ya faru a sansanin 'yan Norway. An ƙera halittun da hannu, daga baya aka rufe yawancinsu da zanen kwamfuta. Shi ma bai samu kasuwa ba, kuma babban ƙorafin masu sharhi a wannan karon shi ne bai kama ƙafar aikin Bottin ba.