Masu wanke gurɓatacciyar ƙasa da ruwan ƙasa: ga amsoshin, a bar ni in huta

Wai ba ku ne masu haƙa burtsatse ba?

A'a. Su ruwa suke nema, mu kuma gubar da ta shiga ruwan muke bin sawu, daga ina ta fito, ina ta nufa, yaya za a tare ta. Muna haƙa ƙananan rijiyoyi amma na awo ne ba na sha ba. Don Allah a daina tambayata kuɗin burtsatse.

Me ake karantawa?

Jiyoloji, wato ilimin duwatsu da ƙasa, ABU Zariya na da sashen, sai ka ƙware kan ruwan ƙarƙashin ƙasa a digiri na biyu, ka yi rajista da COMEG, hukumar da ke yi wa masana ƙasa da injiniyoyin ma'adinai rajista. In kana gudun kemistiri tun yanzu nemi wata sana'ar.

Rijiyarmu na warin fetur, ga gidan mai a bayanmu, me zan yi?

To wannan ce tambaya. Da farko ku daina sha da girki da shi yau ɗin nan, a cikin fetur akwai wani sinadari mai suna benzin, yana jawo kansar jini. Sauran kuma ya danganta. Kar ka ɗebi samarin unguwa ku nufi mai gidan man, mai yiwuwa tankinsa na ƙasa ne ke yoyo, haka aka fi gani, amma yana iya zama tankin janaretan maƙwabci ko garejin bakanike, kuma ruwan ƙasa ba lallai ya bi gangaren da idonka ke gani ba, sai an auna zurfinsa a rijiya uku aƙalla kafin a san inda ya dosa. A kai ruwan lab a gwada, amma ba a gorar roba ba, kwalba ce ake cikawa har baki ba kumfar iska ko ɗaya, a sa a ƙanƙara a kai da wuri, in ba haka ba abin da ake nema ya tsere, a ce maka ruwa lafiya lau. Kwashe rijiyar da injin? Ni dai ban ba da shawara ba, sau tari janyo man kake yi zuwa gidanka. Fetur a saman ruwa yake zama, damina ta ɗaga shi rani ya sauke shi yana shafe ƙasa, shi ya sa warin kan ɓace ya dawo. Burtsatse mai zurfi na iya fitar da ku in akwai yumɓu a tsakani kuma an toshe jikinsa da siminti sosai, in aka yi aikin ha'inci kuwa kun buɗe wa guba hanya zuwa ƙasa da kuɗinku. Ku rubuta wa ma'aikatar muhalli ta jiha da NOSDRA, hukumar tarayya mai kula da malalar mai, ku riƙe kwafi. Kwantar da hankalinka, ana magance shi, sai dai ba a sati biyu ba.

In na tafasa fa?

Tafasa ƙwayoyin cuta take kashewa. Ba ita ce maganin fetur a rijiya ba, guba irin dalma kuwa ba ta mutuwa.

Akwai ma aikin a Najeriya kuwa?

Haba malam. A 2010 gubar dalma ta kashe yara sama da 400 a Zamfara, saboda ana niƙa dutsen zinare cikin gidaje ƙurar na zama a tsakar gida inda yara ke rarrafe. A ƙauyukan Dareta da Abare, daga baya Bagega a 2013, gida-gida aka bi ana ɗora wata na'urar hannu a ƙasa tana nuna yawan dalma, a kankare ƙasar sama a kai rami a binne, a zubo sabuwa. Likitocin ƙungiyar agaji ta MSF sun ce sai an share kafin magani ya yi amfani, tunda yaro cikin ƙurar zai koma. A yankin Ogoni na jihar Ribas kuwa rahoton UNEP, hukumar muhalli ta Majalisar Ɗinkin Duniya, na 2011 ya samu benzin a rijiyoyin Nisisioken Ogale ninki 900 na ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya (WHO), ya ce gyara zai iya cin shekara 25 zuwa 30. Aiki kam akwai, mai biyan kuɗinsa ne ke wuyar samu.

Ana samun kuɗi?

Ana cin abinci. Kamfanonin mai sun fi biya.

Mace za ta iya?

Suna yi ai. Ta dai shirya wa rana da takalmin roba da rubuta rahoto, don rahoton ya fi fita daji cin lokaci.