Sharhin hoton panorama na kaktus

Sharhin hoton panorama na kaktus shi ne a samu hoto mai faɗi na kaktus, shukar nan mai ƙaya ta busassun wurare, wanda aka haɗa daga hotuna da yawa a duba shi da kyau, a faɗi inda ya yi da inda bai yi ba, da abin da ya jawo. Irin wannan hoton ba ɗauka ɗaya ba ce, mutum zai tsaya wuri guda yana juya kyamara yana dannawa, kowane hoto ya hau kan na kusa da shi da wajen kashi 30 cikin 100, sannan manhaja ta nemo wuraren da suka yi kama ta ɗinke su. Wani Bajamushe Helmut Dersch ya fitar da manhajar ɗinke hotuna Panorama Tools a 1998, daga jikinta manhajojin Hugin da PTGui suka fito, iPhone ta sa panorama a kyamararta a 2012, manhajar gyaran hoto Lightroom kuma ta kawo haɗawar a 2015, toh daga nan abin ya zama na kowa. A Saudiyya ana iya ɗaukar irinsa a Hada da Shafa da ke tsaunukan Ɗa'if, ko a Baha da Abha, inda barshumi, wani kaktus mai faffaɗan sassa kamar faifai, ya cika gefen duwatsu.

Shukar kanta

Mai sharhi yana fara tabbatar da me aka ɗauka. Dangin kaktus asalinsu nahiyar Amurka ne, in ka cire guda ɗaya, Rhipsalis baccifera, da ake samu a Afirka da Siri Lanka. Barshumi ɗin da ake ferewa ana sayarwa a bakin titin Ɗa'if, wanda a Sudan da Masar ake ce wa tin shoki, shi ne Opuntia ficus-indica, kuma daga Meksiko ya taso. Amma dogayen nan masu rassa a tsaye da ke duwatsun Asir a kudu maso yammacin Saudiyya, da na Arkawit a tsaunukan Bahar Maliya na Sudan, ba kaktus ba ne, Euphorbia ne, dangin tinya da kerana da muka sani a gida. Gane su ba wuya, kaktus ƙayarsa daga wasu 'yan ƙullutai take tsirowa a tare, su kuwa galibi bibbiyu take fitowa kuma in aka karya farin ruwa ne zai zubo, mai illa sosai ga ido. Hoton da aka rubuta wa sunan da ba nasa ba dole a gyara wa mai shi kafin a je maganar kala.

Gaɓar ɗinki

Nan ne ainihin aikin yake, kuma a ganina duk sharhin da ya tsallake gaɓa ya tafi yabon kalar sama bai taimaki kowa ba. Kaktus ba ya rufa wa ɗinki asiri. Yashi ko gajimare in suka goce kaɗan ba mai lura, amma ƙaya layi ce siririya miƙaƙƙiya, in ta goce sai ka ga ta karye a tsakiya ko ta fito biyu, faifan barshumi ya samu baki biyu, ko reshe ya yanke yana lilo a iska babu abin da ya riƙe shi. Kamar atamfa ce mai manyan zane, in tela bai daidaita ba daga nesa za a hango.

Yawanci abin da ke jawo wannan shi ne gocewar na gaba da na baya. Ka miƙa yatsa ka rufe ido ɗaya, ka buɗe ka rufe ɗayan, za ka ga yatsan ya canza wuri a kan abin da ke bayansa, haka kyamara take yi in ta matsa daga inda take. Mai waya yakan miƙa hannu ya juya da jikinsa gaba ɗaya, kaga wayar ta yi tafiya kenan, kaktus na kusa ya zauna wani wuri a hoton farko wani wuri daban a na biyu, manhajar in ta daidaita dutsen baya shukar ta karye, in ta daidaita shukar dutsen ya karye, ba yadda za ta yi. Maganinsa a juya kyamarar a kan wani gurbi da ke cikin lens ɗin kansa, shi ya sa ake sayar da kai na musamman da ake ɗaurawa a kan sandar kyamara mai ƙafa uku, mai waya kuma ya riƙe ta wuri ɗaya ya juya ta a kan kanta, ya ɗan ja baya daga shukar, kuma ya yi ƙoƙari babbar shukar ta faɗa cikin hoto ɗaya cif kar gaɓa ta ratsa ta.

Sai dai ba kowace karaya ce daga nan ba, mai sharhi na kirki yana bambancewa. In ciyawa da furen ƙasa ne suka fito dishi-dishi kaktus ɗin yana tsaye lafiya, iska ce. In biri ya fito da kai biyu, kuma hanyar Hada cike take da su, motsi ya yi tsakanin ɗauka da ɗauka. In kuwa faifai ɗaya ya maimaita kansa a wurare biyu, manhajar ce ta rikice, dan faifan barshumi duk kama suke da juna sai ta ɗauki wannan a matsayin wancan, a nan sai an sa mata alamomin haɗi da hannu, Hugin da PTGui duk suna ba da dama.

Haske da kala

In aka bar kyamara a otomatik kowane hoto da haskensa zai fito, sai sama ta yi rabi duhu rabi fari. Shi ya sa ake kulle haske da kala da fokas tun a hoton farko. Gilashin rage ƙyalli shi ma yana ɓata sama a panorama, dan ƙarfinsa ya danganta da inda rana take, sai a samu wani tabo shuɗi mai duhu a gefe guda. Hazon Baha da Abha kuma gudu yake yi, wanda ya yi nawa tsakanin hotuna zai tarar dutsen da ke hoton farko ya ɓace a na uku.

Lokacin da kaktus ya fi kyau shi ne sassafe ko gab da magariba rana tana bayansa, ƙayoyin su kama wuta su zagaye shukar da haske, abin gwanin sha'awa wallahi, amma a nan ake duba ko farin ya ƙone har ƙayar ta narke, da ko an cika editin har koren ya koma na roba. Barshumi korensa mai toka-toka ne.

Siffa da tsari

Manhaja tana shimfiɗa hoton ne ta hanyoyi daban-daban. Wadda ke barin layi a miƙe tana jan gefe, in faɗin ya kusa digiri 120 shukar gefe sai ta kumbura. Ta silinda, wato kamar an naɗa hoton a jikin ganga, tana barin tsayayyu a tsaye amma ta lanƙwasa na kwance irin titi da katanga, ita ta fi dacewa da dogayen kaktus irin saguwaro na Arizona da ke wuce mita 12. In kyamarar ba ta zauna daidai ba, ƙasa za ta fito tana hawa da sauka.

Bayan wannan ana tambayar me ya sa aka yi shi da faɗi tun farko, dan da yawa dogo ne kawai babu inda ido zai sauka. Ana kuma duba kusurwoyi, inda manhaja ke cike giɓi da abin da ta ƙirƙira, in ta ƙirƙiro reshen da babu shi a gonar ya kamata mai hoton ya faɗa ko ya yanke wurin. Duk wannan ba ya ganuwa a hoton da WhatsApp ya matse, sai an nemi asalin fayil ɗin an buɗe shi a cikakken girmansa an bi gaɓoɓin ɗaya bayan ɗaya, in da hali ma a karɓi hotunan kafin a haɗa su.