Tiredin tayarod ya lalace: wanne ake gyarawa, wanne ake jefarwa?

Motar da ke bin burji zuwa kasuwar Maigatari ko Wudil da lodin buhuna, kayan sitiyarinta ba sa hutawa. Gargada na jijjiga su, laka ta damina na sa musu tsatsa, guduma kuma ta ƙarasa ɓarnar a gareji. Ga tambayoyin da direbobi da yaran makanikai suka fi yi kan tiredin tayarod. Tiredi shi ne haƙoran da noti ke hawa a kai, tayarod kuwa ƙarfen da ke haɗa sitiyari da tayar gaba.

Oga, noti ya ƙi hawa kan tayarod. Ta ina zan fara?

Ajiye sifana tukuna. A wanke wurin da kalanzir, a goge da burushin waya, a haska fitila a duba. Lalacewar tiredi iri biyu ce, kuma duk sauran maganar a kanta ta rataya. Akwai wanda ya lanƙwashe ko ya daku: ƙarfen yana nan, kwanciya kawai ya yi, galibi haƙori biyu ko uku na can baki. Wannan yana gyaruwa. Akwai kuma wanda ya cinye: haƙoran sun zube, wurin ya yi sumul yana sheƙi, wani lokaci ma ka zaro wani siririn ƙarfe kamar zobe daga cikin notin. Wannan ƙarfen ya tafi, babu abin da zai dawo da shi. Idan cinyewar ta kai daidai inda noti ke zama bayan an ɗaure, canji kawai.

Me ke kashe shi tun farko?

Mafi yawa guduma. Sandar kan tayarod tana da tsukakken wuya da ke cije ramin hannun taya, to idan ta ƙi fita sai yaro ya hau dukan bakinta, bakin ya baje kamar kan turke. Daidai shi ne a daki gefen hannun tayar, inda ramin yake, da duka biyu ko uku masu ƙarfi, sandar za ta saki da kanta. In dole sai an taɓa bakin, a mayar da tsohon noti har ya yi daidai da bakin sandar, shi ya sha dukan. Sauran dalilan su ne ɗora noti a karkace sannan a tilasta shi da sifana, da kuma noti da ba nasa ba.

Yaya noti zai zama ba nasa ba, alhali girmansu ɗaya?

Nan mutane da yawa ke faɗawa. Kaurin sanda daban, tazarar haƙora daban. Sanda mai kaurin milimita 12 tana iya zuwa da tazarar 1.25, ko 1.5, ko 1.75. Kayan sitiyari yawanci masu ƙananan haƙora ne, 1.25 ko 1.5, su kuwa notocin da ake aunawa a shagon kayan gini mafi yawansu 1.75 ne. Irin wannan noti zai hau zagaye ɗaya ko biyu lafiya lau, sannan ya cije. Wanda bai sani ba sai ya ce tsatsa ce, ya ƙara ƙarfi, ya gama da tiredin.

Ba sai da ma'auni na musamman ba. Ɗora rula, ka fara daga tsinin haƙori ɗaya ka ƙirga tazara goma. In ta ba ka milimita 15, to 1.5 ne, in 12 da rabi, 1.25 ne. Kuma a kula da manyan motoci da tarakta masu dogon bututun saiti: gefe ɗaya tiredin dama ne, ɗayan na hagu. Noti na hagu baya yake ɗauruwa.

To wanda ya daku, yaya ake tashinsa?

A fara da magagari. A gurje bajajjen bakin a zagaye, a ɗan kwantar da shi kamar bakin fensir, haƙori ɗaya ko biyu kawai. Sai a ɗauki ƙaramin magagari mai kusurwa uku. Kusurwarsa digiri 60 ce, daidai da ramin tiredin, a bi tsakanin haƙoran a hankali ana ɗauke abin da ya kwanta. Bayan haka a sa dayis, wato zoben ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, mai lamba daidai da ta sandar, da ɗigon baƙin mai. A fara shi da hannu, ta fuskarsa mai faɗin baki. Rabin zagaye gaba, kwata baya don ɓarɓashi ya karye. Idan tun farko ya yi tauri yana fitar da ƙarfe da yawa, tsaya: ya hau a karkace, sabon tiredi yake yankawa a kan tsohon.

Matsalar dayis ke nan, yana farawa ne daga inda ya lalace. Dabarar da ta fi shi a ƙauye ita ce tsagaggen noti. A samu noti mai ƙarfi, mai lamba 10 a jikinsa, wanda tiredinsa ya dace, a raba shi biyu da zarto. A rungume sandar da ɓarin biyu a can ƙasa inda haƙora ke da lafiya, a matse su da filaya mai kulle, a sa mai, sannan a murɗo waje. Lafiyayyen tiredi ne ke jagora, shi ya sa ba ya kaucewa. Sau biyu ko uku ya isa.

Alamar an gama: sabon noti ya tafi da yatsu, kuma in ka girgiza shi ba ya rawa. In yana rawa, an ci ƙarfe da yawa.

Noti na juyawa tare da sandar, ya ƙi ɗauruwa. Tiredi ne?

Sau da yawa a'a. Wuyan ne bai cije ba. A goge giris daga wuyan da ramin, a sa jak a ƙarƙashin kan tayarod a ɗan danna shi cikin ramin, sai a ɗaure. Wasu sandunan ma suna da ramin makulli a baki don a riƙe su.

In ya cinye, ba za a iya cika shi da walda a sake yanka ba? Ko a ɗiga walda a kan notin?

A'a, kuma nan babu ciniki. Sandar an gasa ta a masana'anta zuwa wani tauri na musamman. Zafin walda yana ɓata wannan, ya bar wuri mai gautsi a gindin tiredi. Zafin kuma yana gangarawa ya narkar da robar da ƙwallon kan tayarod ke zaune a ciki, ya ƙone giris. Haka nan sassaƙe sanda daga 12 zuwa 10 don a yanka sabon tiredi, ko naɗa zare ko waya, ko cusa ledar famfo. Birki in ya ƙwace akwai giya da birkin hannu. Tayarod in ya rabu, tayar gaba ta juya inda ta ga dama, sitiyarin yana hannunka amma ba ya tuƙa komai. Kan tayarod ba ya cikin kaya masu tsada a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. A tafi da tsohon a gwada tsawo da wuya da tiredi, don na dama da na hagu sukan bambanta.

Tiredin cikin rami fa?

Ramin da ake ɗaure rak, wato dogon ƙarfen da ke tura tayarod, ko akwatin sitiyari a jikin mota, in datti ne ko ƴar dakuwa, tab, wato ƙarfen yanka tiredin cikin rami, mai lamba daidai zai share shi. In ya cinye, akwai murɗaɗɗiyar waya irin Helicoil: a faɗaɗa ramin da bakin dirin da ya zo da ita, a yanka da nata tab ɗin, a murɗa ta ciki. Aikin yana son rami a miƙe sak, don haka ya fi kyau a wurin masu injin sassaƙar ƙarfe. Ramin cikin kan tayarod kuwa ba a yi masa wannan, a canza shi.

Wajen mayarwa, me ake lura da shi?

Tun wajen kwancewa a ƙirga zagayen da kan tayarod ya yi kafin ya fita, a mayar da adadinsu, a ɗaure notin kulle na bayansa. Noti mai roba a baki sau ɗaya ake amfani da shi. Mai tsaga-tsaga a kai, wanda ake zura wa fin, kuma a ɗaure shi yadda kamfani ya ce, a ƙananan motoci da yawa tsakanin 35 da 50 ne a ma'aunin ƙarfin ɗauri na Nm, ba ɗaurin notin taya ba. In tsagar ba ta zo kan huda ba, a ƙara gaba kaɗan, kada a sassauto. A sa sabon fin a buɗe ƙafafunsa. Ƙusa ko guntun waya ba fin ba ne. Ƙirgen zagaye zai kai ka gari ne kawai, sai an je an yi saitin ƙafa, in ba haka ba gefen taya zai cinye kafin wata ya zagayo.