Sukuwar Dawaki a Ƙauyukan Ƙuryar Ostireliya: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya kai sukuwa wuraren da ko mutane ba su da yawa?

Nisa da kaɗaici ne. Tsakiyar Ostireliya fili ne fetal, ga zafi ga ƙarancin ruwa, kuma gandun kiwon shanu guda ɗaya, irin na Anna Creek, ya haura murabba'in kilomita 20,000. Makiyayi kan yi watanni bai ga baƙuwar fuska ba. Doki kuwa shi ne ƙafarsa, da shi yake kora shanu. To, duk inda masu dawaki suka haɗu, gardamar na wa ya fi gudu ba ta ƙarewa sai an gwada. Daga nan aka tsayar da rana guda a shekara, a zo da iyali da guzuri, a kafa tanti, a yi tsere da rana, a yi rawa da dare. Can ake cinikin dabbobi, can ake jin labarin wanda ya rasu da wadda ta haihu.

Yaushe aka fara?

Dawaki sun isa ƙasar ne a 1788 tare da jiragen ruwan Turawan Ingila na farko, aka yi tseren farko a hukumance a Sydney a 1810. Yayin da makiyaya ke kutsawa cikin ƙasa, al'adar ta bi su.

Wanne taro ne ya fi suna?

Na Birdsville, wani ɗan gari a jihar Queensland, a bakin hamadar Simpson, kimanin kilomita 1,600 daga Brisbane. An fara shi a 1882, lokacin da masu gandu da yaransu suka haɗa kuɗin kyauta a tsakaninsu. A wancan zamani har raba tsere ake yi, na dawakin da ake ba hatsi daban, na masu cin ciyawa kaɗai daban, don kada a ƙwari talaka da ingarman mai hali. Wannan adalci yana burge ni ƙwarai.

Mazauna garin ba su wuce ɗari da 'yan kai ba, amma a farkon Satumba dubban baƙi ke cika shi, wasu a mota, wasu a ƙananan jiragen sama da ake jerawa daura da otal ɗin garin. Filin ba ciyawa, busasshen laka ne. In dawaki suka zo kwana, ƙura kan turnuƙe har na baya ya ɓace wa 'yan kallo. Babban tseren mita 1,600 ne. Murar dawaki ta hana sukuwa a 2007, korona kuma ta hana taron a 2020.

Mece ce jimkana?

Kalmar daga Indiya Turawan mulki suka ɗauko ta. Wasanni ne na gwada ƙwarewar mahayi da biyayyar doki: zagaye ganguna, saƙa tsakanin sanduna da aka kafa a jere, zaro tuta a guje a jefa cikin durom. Ba a neman doki mai tsada. Yarinya 'yar shekara bakwai kan shigo da ɗan ƙuru dokinta, mahaifinta na tsaye bakin shinge yana ƙwala mata kira. Garuruwa kamar William Creek da Oodnadatta a Kudancin Ostireliya suna yin ta duk shekara.

Ina 'yan asalin ƙasar a wannan tarihi?

A tsakiyarsa suke, ko da yake an daɗe ana tauye su. Yawancin aikin kiwon arewa da tsakiyar ƙasar a wuyansu yake, sau da yawa ladansu gari da shayi da sukari ne kawai, sai a 1968 dokar daidaita albashi ta fara aiki a kansu. Daga cikinsu Darby McCarthy ya fito, ɗan Cunnamulla, wanda ya soma da sukuwar ƙauye yana yaro, ya kai ga lashe manyan tsere a Brisbane da Sydney.

Tunda babura da helikwafta sun karɓe aikin doki, me ya riƙe taron?

Buƙatar juna ba ta gushe ba. Ana kuma tara kuɗi don hukumar likitocin jirgin sama, wadda John Flynn ya kafa a 1928, ita ce ke sauka ta ɗauki wanda doki ya kayar ko mai naƙuda a inda asibiti ke da nisan yini. Betoota ma, garin da ya zama kufai, yana farkawa a ƙarshen Agusta: a share fili, a ɗaura sirdi, a yi sukuwa, washegari kowa ya naɗe tantinsa.