Neman rajistar tambarin shaida: abin da doka ke buƙata

Tambarin kasuwanci da aka saba gani yana nuna kamfanin da ya yi kaya. Tambarin shaida kuwa yana nuna cewa an duba kayan, an tarar sun cika wani ma'auni: abin da aka yi su da shi, yadda aka sarrafa su, ko ingancinsu. Ga tambarin Woolmark da ya fito a 1964. Masana'antu da dama suna liƙa shi a tufafinsu, saƙonsa kuma ɗaya ne, wato ulun na gaske ne.

Sharaɗin farko shi ne kada mai neman rajistar ya kasance yana sana'ar irin kayan da zai tantance. Dokar Birtaniya ta 1994 da ta Tarayyar Turai duk sun tsaya a kan haka, kuma a ganina sun yi daidai. Wanda ke neman ciniki a kasuwa ba zai yi wa abokan gasarsa alƙalanci ba.

Cike fom, biyan kuɗi da miƙa hoton tambari duk kamar na sauran tambura ne. Wuyar aikin tana cikin takardar ƙa'idoji. A cikinta za a bayyana wanda ya cancanci amfani da tambarin, abin da ake tantancewa, yadda za a yi gwaji, da yadda za a ci gaba da sa ido bayan an ba da izini. Rubuta "kaya masu kyau" kawai ba ya wadatarwa. In ulu ne, a faɗi kashi nawa cikin ɗari, wa zai gwada, kuma me zai samu wanda ya yi algus. A Tarayyar Turai wata 2 ake ba mutum daga ranar da ya shigar da buƙata ya kawo wannan takarda. Idan jami'in rajista ya gamsu, sai a wallafa buƙatar domin mai ƙorafi ya fito.

A kula, dokokin ƙasashe sun bambanta. Dokar Amurka ta 1946 ta yarda tambarin ya shaida yankin da kaya suka fito, kamar cukun Roquefort na Faransa. Tarayyar Turai, da ta fara irin wannan rajista a Oktoban 2017, ba ta yarda da hakan ba.

Samun rajista ma ba ya sauke nauyi. A Amurka ana iya soke ta idan mai tambarin ya daina sa ido, ko ya hana wanda ya cika ƙa'ida don son zuciya.